Yadda Ake Daidaita Kalsiyam da Alkaliniti a Tankin Murjani na Ruwan Gishiri

Tambaya guda ake ta maimaita mini, kowa da yadda yake kawo ta: murjani ya daina girma, ko bakin rassansa ya yi fari, an auna ruwa an ga kalsiyam ya sauka, to me za a zuba? Kafin a zo maganar abin zubawa, sai an yi awo, an kuma lissafa abin da tankin yake ci a rana. Wanda ya tsallake wannan jeri yakan wayi gari da gurɓataccen ruwa da mataccen murjani, alhali dabbar nan daga nesa ake kawo ta, da kuɗi masu ciwo.

Murjani mai ƙashi yana jan kalsiyam da alkaliniti, wato yawan kabonet da baikabonet da suke cikin ruwa, daga ruwa tare, yana gina ƙashinsa da su. Da dKH ake auna alkaliniti, kalsiyam kuwa da ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. Duk dKH 1 na alkaliniti da ya tafi, kimanin ppm 7 na kalsiyam yake tafiya da shi. Ruwan teku yana da kalsiyam wajen ppm 420, alkalinitinsa kuwa wajen dKH 7 ne kawai. Ke nan tankin da ya ci dKH 2 ya rasa fiye da rubu'in alkalinitinsa, amma kalsiyam ppm 14 kacal ya ragu, abin da kayan gwaji ma da ƙyar suke nunawa. Saboda haka a kan alkaliniti idonka zai zauna.

Lambobin da za ka nufa: gishiri ppt 35 (kashi 35 cikin dubu), wato 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Magnisiyam ppm 1250 zuwa 1350. Kalsiyam ppm 400 zuwa 450. Alkaliniti dKH 7 zuwa 9. Zafin ruwa digiri 25 zuwa 26 a ma'aunin Celsius. A alkaliniti ka zaɓi lamba ɗaya ka zauna a kanta. Ni na fi son 8, domin ko ka ɗan kauce sama ko ƙasa ba ka fita daga amintaccen wuri ba. Tankin da ya tsaya cak a 7.5 ya fi lafiya nesa ba kusa ba da wanda yau yake 7, jibi 10.

1. Tara kayan aiki

Kana bukatar kayan gwaji uku, na alkaliniti da kalsiyam da magnisiyam. Na kamfanonin Salifert da Red Sea sun shahara, kamfanin Hanna kuma yana da ƙaramar na'ura mai nuna alkaliniti da lamba a allo, ga wanda bambance launi yake ba shi wuya. Sai rifraktomita ta auna gishiri tare da kwalbar ruwan saiti na ppt 35, sikeli mai auna giram har da ɗigonsa, sirinji, jarkoki biyu masu murfi, da ruwan da aka tace da na'urar RO/DI, mai cire ma'adinan da suka narke a ruwa.

Garin da za ka saya: bekin soda, wato sodiyam baikabonet, kalsiyam kulorayid, magnisiyam kulorayid, da ɗan gishirin Epsom na kemis, marar ƙamshi.

A kula ƙwarai a nan, domin a kasuwa ake yin babban kuskure. Bekin hoda na yin kek daban yake da bekin soda, akwai sitaci da wasu sinadarai masu tsami a cikinsa, wani ma har da fosfet. Kostik soda da masu haɗa sabulu suke saye ba shi ake nufi ba, yana ƙona fata kuma zai cilla pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, sama nan take. Kanwa ma kada ta shiga tankinka. Gaskiya ne akwai kabonet a cikinta, amma tana zuwa da ƙasa da gishirin da ba ka san iri ko yawansa ba, ba kuma za ka iya lissafi da ita ba. Ka nemi gari na matakin abinci ko na magani, a ledarsa ta asali mai rubutu.

Maganar kuɗi: garin ba shi ne mai cin aljihu ba. Tankin lita 200 da yake cin rabin dKH a rana, giram 90 na bekin soda da kusan giram 80 na kalsiyam kulorayid za su kai shi wata guda. Kayan gwaji da gishirin haɗa ruwa su ne masu tsada, tunda daga waje suke zuwa farashinsu yana bin dala. Duk da haka a kan kayan gwaji ba a yin rowa. Ka duba ranar ƙarewarsu kafin ka biya, ka ajiye su a inuwa mai sanyi.

2. Fara da gishiri

Ka saita rifraktomita da ruwan ppt 35, ba da ruwan tace ba, domin kana son ta faɗi gaskiya a daidai wurin da kake aiki. Sannan ka auna tanki. Idan gishiri ya yi ƙasa, komai zai yi ƙasa tare da shi: ruwan da ya sauka zuwa ppt 31, kalsiyam ɗinsa zai faɗo wajen 370 ba tare da murjani ya ci ko ɗigo ba. Mutane da yawa suna zuba kalsiyam a irin wannan hali, alhali gishiri ne ya kamata su gyara. Gyaran a hankali ake yi: na wasu kwanaki ka riƙa cika ruwan da ya ƙafe da ruwan gishiri maimakon ruwan tace, har lambar ta dawo.

A ranakun da komai yake daidai kuwa, ruwan tace zalla ake cikawa da shi, tunda ruwa ne yake tashi ya bar gishiri. Ruwan rijiya ko na burtsatse ko na leda ba su dace ba. Kowanne yana zuwa da nasa ma'adinan, su taru a tanki su ɓata maka lissafi.

3. Auna ukun, ka rubuta

Ka ɗebi ruwan gwaji daga tsakiyar tanki, nesa da inda ake zuba magani, ka kurkure kwalbar gwaji da ruwan tankin sau biyu. A gwajin alkaliniti na Salifert, mililita 4 na ruwa ake ɗiba, a ɗiga alamar launi, sannan a riƙa ɗiga ruwan sirinji ɗigo-ɗigo ana kaɗawa har launi ya juya daga shuɗi mai kore-kore zuwa ja-ja. Iskar da kake gani tsakanin ruwan da baƙin robar sirinji ba matsala ba ce, kada ka yi ta ƙoƙarin fitar da ita; daga ƙarshen baƙin robar ake karanta lamba. Idan ka kusa ƙarshe ka rage hannu, ɗigo ɗaya, kaɗawa, dubawa. Ka ɗora kwalbar a kan farar takarda kusa da taga. Shuɗin fitilar tanki yana ruɗin ido, ƙarƙashinsa ba a karanta launi.

Lokacin awo ya zama ɗaya kullum. Murjani ya fi jan alkaliniti da rana, lokacin da fitila take kunne, don haka awon safe da na dare ba za su zo ɗaya ba ko a lafiyayyen tanki.

Idan ka ga lambar da ta ba ka tsoro, sake gwajin kafin ka taɓa komai. Sau da yawa hannu ne ya yi kuskure. Ka tanadi littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, lokaci, lambobi, da abin da ka zuba.

4. Magnisiyam kafin sauran biyun

Magnisiyam ne yake hana kalsiyam da kabonet haɗuwa su daskare a jikin famfo da hita da cikin yashi. Idan ya yi ƙasa da 1200, duk abin da ka zuba na sauran biyun wani kaso nasa zai zama farin ɓawo, kai kuma kana ta aikin baban giwa.

Yawan garin da ake bukata yana ba mutane mamaki. Don ɗaga lita 100 da ppm 10, sai giram 8 da ɗoriya na magnisiyam kulorayid mai ruwa shida a jikinsa, ko giram 10 na gishirin Epsom. A tankin lita 200, ɗaga ppm 50 zai ci kusan giram 84. Ka narka a ruwan tace, ka tsaya a ppm 50 a rana. Mafi yawan haɗin ya zama kulorayid, Epsom ɗan kaɗan, domin Epsom shi kaɗai yana tara salfet idan an daɗe ana amfani da shi.

5. Gyaran farko: kawo kowanne inda ake so

Sai ka san ainihin ruwan da yake cikin tankinka. Abin da aka rubuta a kwali bai cire duwatsu da yashi ba. Tankin lita 250 ruwansa zai iya zama 200. Idan kana shakka, ka yi lissafi da ƙaramar lamba. Ƙara magani gobe abu ne mai sauƙi, cire shi kuwa sai da canjin ruwa.

Alkaliniti: giram 3 na bekin soda yana ɗaga lita 100 da dKH 1.
Kalsiyam: giram 3.7 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu a jikinsa, wanda ake rubuta wa CaCl2·2H2O, yana ɗaga lita 100 da ppm 10. Idan busasshen ne marar ruwa, giram 2.8 ya isa.

Misali, tankin lita 200 da alkalinitinsa yake 6.5, kalsiyam 360. Kai shi dKH 8 zai ci giram 9 na bekin soda, a raba kwana uku. Kai kalsiyam 420 zai ci giram 44, shi ma a raba kwana uku. Kada alkaliniti ya hau fiye da dKH 1 a rana, rabin haka ma ya fi mini kwanciyar hankali. Saurin hawa yana iya sa murjani masu rassa irin su Acropora su saki tsokarsu daga gindi cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma abin takaici ne ka ga reshen da ya shekara yana girma ya zama farin ƙashi saboda gaggawar dare guda.

Ba a zuba gari kai tsaye a tanki. A narka kowanne a kofinsa, a tsiyaya a hankali gaban famfo inda ruwa yake gudu da ƙarfi, nesa da jikin murjani, a kuma bar aƙalla rabin awa tsakanin na kalsiyam da na alkaliniti. Kalsiyam kulorayid yana yin zafi idan yana narkewa, musamman busasshen, don haka gari ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan.

Idan ɗaya ne ya yi ƙasa, shi kaɗai za ka gyara. Idan ɗaya ya yi sama, ka daina zuba shi ka bar tanki ya cinye da kansa.

6. Gano abin da tankinka yake ci

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma duk sauran a kansa suke tsaye. Bayan lambobi sun zauna, ka auna alkaliniti, ka daina zuba komai, kada ka canja ruwa, ka sake aunawa bayan kwana uku a daidai wannan lokacin. Ka raba bambancin gida uku. Daga 8.0 zuwa 6.5 na nufin rabin dKH a rana. Idan tankinka cike yake da murjani mai rassa, awa 24 kawai za ka jira, domin irin wannan tanki yana iya cin dKH 1 ko 2 a yini, ba za a bar shi kwana uku ba.

Kalsiyam ba sai ka yi masa wannan gwajin ba. Ka ninka abin da ka samu sau 7, shi ne kimanin cinsa na rana. Ka tuna ba murjani kaɗai yake ci ba: gansakukar nan mai ɓawo ruwan hoda da take bin duwatsu da gilashi tana ci sosai, manyan kawa irin Tridacna ma haka.

7. Zaɓi hanyar ciyarwa ta kullum

Canjin ruwa kawai. Ga tankin da murjaninsa masu laushi ne, ko masu ƙashin ba su da yawa, canja kashi 10 cikin 100 duk mako ko mako biyu yakan wadatar. Sai dai ka auna sabon ruwan kafin ka zuba, domin gishirin haɗawa ya bambanta. Gishirin Red Sea mai shuɗin bokiti yana fitowa wajen dKH 8, Coral Pro na kamfanin ɗaya kuwa wajen 12. Babban canji da irin na biyun a tankin da yake zaune a 7.5 girgiza ce. Gishiri ake zubawa cikin ruwa ana motsawa, bokitin gishirin kuma a rufe shi ruf, danshin damina yana sa shi dunƙulewa ya lalace.

Ruwa biyu. Wannan nake ba yawancin mutane shawara, domin lissafinsa a fili yake kuma a gida ake haɗa shi. A jarka ta farko, giram 75 na bekin soda a cika da ruwan tace ya kai lita 1. Yana da jinkirin narkewa, ka yi ta girgizawa. A jarka ta biyu, giram 65 na kalsiyam kulorayid mai ruwa biyu, ko giram 50 na busasshe, shi ma a cika ya kai lita 1. Da wannan haɗi, mililita 40 na jarkar farko yana ba lita 100 dKH 1, mililita 40 na ta biyu kuma yana ba shi ppm 7 na kalsiyam. Ke nan adadi ɗaya za ka riƙa zubawa daga kowace. Tankin misalinmu na lita 200 mai cin rabin dKH, mililita 40 daga kowace jarka yake bukata a rana.

Ka rubuta suna a jikin jarkokin, kowace da sirinjinta. Idan ruwan biyu suka haɗu tun suna da ƙarfi, nan take suke zama farin laka marar amfani. Raba adadin rana gida biyu ko huɗu ya fi zuba shi gaba ɗaya, kuma a nan injin ɗiga magani yake da amfani. Bakin tiyo biyun kada su kusanci juna, kada kuma su nutse cikin ruwa.

Idan pH na tankinka yana zama ƙasa da 7.9, ka auna giram 75 ɗin, ka baza a faranti, ka gasa a oven a digiri 150 na awa guda kafin ka narka. Zai koma sodiyam kabonet, nauyinsa ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku, amma alkalinitin da yake bayarwa yana nan yadda yake, yana kuma ɗan ɗaga pH. Tun kafin gashi ake awo.

Hanyar nan tana barin gishiri a baya, don haka a hankali ruwan tanki zai ƙara gishiri. Ka riƙa duba rifraktomita duk mako.

Kalkwasa. Garin kalsiyam haidiroksaid ne ake narkawa a ruwan cikawa, kimanin giram 1.5 a lita. A motsa, a rufe, a bari ya kwanta, a ɗebi garai-garan ruwan tsakiya a bar ɓawon sama da lakar ƙasa. Yana ba da kalsiyam da alkaliniti tare a ma'aunin da murjani yake ci, yana kuma ɗaga pH. Lita 1 nasa yana ba tankin lita 200 kusan rabin dKH. Amma pH ɗinsa ya haura 12, ɗigo-ɗigo ake sa shi, gara ma da dare lokacin da pH na tanki yake sauka. Ka sa safar hannu, ka kare ido, kada ka shaƙi ƙurarsa. Farar ƙasa ta shafe bango ba ta maye gurbinsa.

Ga masu zama a yankinmu akwai abin lura. Idan ka haɗa kalkwasa da na'urar cika ruwa mai aiki da kanta, yawan ƙafewar ruwa ne zai yanke yawan maganin da yake shiga. Ƙafewa a hunturu da bazara, balle an kunna fanka a kan ruwa don sanyaya shi, ta fi ta damina nesa. Sai alkaliniti ya riƙa hawa da sauka da yanayi kai ba ka taɓa komai ba. Ka tsayar da adadin kalkwasa na rana wanda bai kai ƙafewar damina ba, ragowar ka cika da ruwan tace zalla.

Riyakta ta kalsiyam. Tulu ne da ake cikawa da tsakuwar aragonait, a shigar da iskar CO2 ta sauke pH na ciki zuwa wajen 6.5, tsakuwar ta narke ta koma tanki. Ta manyan tankuna ce masu ci da yawa, tana da tsadar farawa, tana son wutar da ba ta yankewa da wurin cika tukunyar gas. Mai farawa ya bar ta tukuna.

8. Makon farko da bayansa

Ka fara da adadin da lissafi ya ba ka, ka auna alkaliniti kullum na mako guda. Yana sauka, ƙara kashi 10 cikin 100 a duka jarkokin. Yana hawa, rage haka. Ka bar kwana biyu tsakanin gyara da gyara. Da ya tsaya, sau biyu a mako ya isa, kalsiyam sau ɗaya a mako ko mako biyu, magnisiyam sau ɗaya a wata. Kada ka riƙa canja adadin kalsiyam saboda ppm 10 ko 15 da ka gani, wannan cikin kuskuren kayan gwaji yake.

Cin tanki yana canjawa. Murjani na girma, ci na ƙaruwa. Ka yanke rassa ka rabar, ko zafi ya buge su suka daina girma, ci zai faɗi warwas, injin kuma yana nan yana ɗiga tsohon adadi. Duk ranar da wani abu ya sami tanki, washegari a auna alkaliniti.

Idan naitiret da fosfet na ruwanka, sinadaran da murjani yake ɗan ci daga gare su, kusan sifili suke, ka riƙe alkaliniti tsakanin 7 da 8. Haɗuwar yunwa da alkaliniti mai yawa ita take kawo farin bakin rassan nan da ake yawan tambaya a kansa.

Idan an ɗauke wuta famfo ya tsaya, kada a zuba komai sai ruwa ya dawo yana gudu. Injin ɗiga magani ya kasance a layin wuta ɗaya da famfo, kada ya zama yana kan batir yana ɗigawa cikin ruwan da yake tsaye. Bayan wuta ta dawo ka duba agogonsa, wasu suna rikicewa.

9. Idan abu ya ɓaci

Ruwa ya yi fari kamar an zuba nono: an yi yawa, kalsiyam kabonet ne yake daskarewa. Ka tsayar da duk wani zubi, ka auna pH. Idan bai wuce 8.6 ba, ka bar famfo su yi aikinsu, cikin kwana ɗaya zuwa kaɗan zai washe. Idan ya wuce, farin ruwan khal, wato binega, kimanin mililita 1 ga kowace lita 4 yana sauke shi kaɗan. Ka zuba gaban famfo, ka ƙara wa ruwan iska, ka sake aunawa kafin ka ƙara. Gwajin kalsiyam da alkaliniti a farin ruwa ƙarya yake yi, domin ƙwayoyin suna narkewa a kwalbar gwaji su nuna lamba mai yawa. Ka jira ya washe.

Kana ta ƙara adadi lambobi sun ƙi hawa, yashi ya fara dunƙulewa, hita ta yi ɓawo: maganin a jikin kaya yake ƙarewa. Ka duba magnisiyam, ka tsayar da zubi na kwana ɗaya ko biyu kana auna alkaliniti, sannan ka dawo da ƙaramin adadi a rarrabe, da bekin soda marar gashi.

pH ya yi ƙasa alhali alkaliniti daidai yake: iskar ɗakin ce. Rufaffen ɗaki mai na'urar sanyaya wuri da mutane a ciki yana tara CO2, ruwa kuma yana shan sa. Ka buɗe taga, ko ka ja tiyon iskar sikima, na'urar da take cire dattin ruwa da kumfa, zuwa waje, nesa da hayaƙin janareto. Kada ka bi pH da garin da ake sayarwa da sunan mai ɗaga pH, alkaliniti kake ƙarawa ba ka sani ba.

Famfon da ya fara ƙara ko ya ƙi tashi bayan ɗauke wuta, yawanci ɓawo ne ya riƙe farfelarsa. Ka kwance shi duk wata biyu ko uku, ka jiƙa a ruwan khal ko ruwan sitirik asid na wasu awoyi, ka goge da tsohon buroshin haƙori, ka ɗauraye da ruwan tace kafin ka mayar.